Tarbiyya Ba Ta Jiran Zaman Lafiya: Nasiha Ga Iyayen Yara A Ƙasar Gobir

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya sanyin ido, Ya kuma ɗora amanarsu a wuyan iyaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a daminar da ta gabata na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye da ke tsakanin Isa da Bafarawa. Bayan sallar La'asar muna zaune a ƙofar zaure, sai idona ya kai ga wasu yara da babbansu bai wuce shekara 8 ba. Sun rabu gida biyu, kowa da bindigarsa ta karan dawa. Wasu suna kwaikwayon ƙarar babur, suka zagaye ƙaramin cikinsu, suka ɗaure masa hannu da igiyar rama. Babban ya ɗauki sakaina ya kara a kunne kamar waya, yana cinikin kuɗin fansa da murya mai kauri. Dattawan da muke tare ba wanda ya tanka, sai ɗaya da ya girgiza kai ya ce, "Yara ne, abin da suka gani suke yi."

Gaskiya dattijon ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta hana ni barci a daren. Mu da muka tashi a wannan ƙasa mun yi shanun laka da motar kara, 'yan mata suna tuwon ƙasa da goyon 'yar tsana, da daddare a taru a dandali ana langa da gaɗa, kaka kuma tana jiran mu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Yaro yakan gwada da wasa abin da yake zaton zai zama idan ya girma. To, me waɗannan suke gwadawa?

Ba sai na tuna wa mai karatu abin da ya sami yankin nan ba. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini ɗaya. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin. A watan Disamba na shekarar aka ƙona motar matafiya da mutane a cikinta a kan hanyar da ta fito daga Sabon Birni. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban iyalai suke tsallakawa jihar Maraɗi a Nijar, wasu kuma suka tare a garuruwan Isa da Sabon Birni da Sakkwato. Yaron da aka haifa a shekarar da wannan hijira ta soma, yau ya kai munzalin ɗaukar allo, kuma bai taɓa sanin wata rayuwa ban da wannan ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, babbar asarar da za mu yi tana cikin gidajenmu, a zukatan yaran da ba su kai shekara 7 ba. Gonar da aka hana nomawa za a sake nomawa, rumbun da aka ƙona za a sake ginawa. Shekarun ƙuruciya kuwa idan suka wuce sun wuce ke nan. Sau da yawa za ka ji uba yana cewa, "Bari dai a samu lafiya tukuna, sai mu kula da karatun yaran nan." Yaro ba ya tsayawa ya jira. Yana girma kullum, kuma idan iyaye ba su cika zuciyarsa ba, daji zai cika ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗanda suka yi reno cikin tsanani kafin mu

Kada mu ɗauka mu ne farkon waɗanda suka yi goyo cikin tsoro. Abdullahi ɗan Abbas (RA), malamin tafsirin wannan al'umma, an haife shi ne a shekarun da Ƙuraishawa suka tsare Banu Hashim a kwarin Abu Ɗalib, lokacin da ake jiyo kukan yara saboda yunwa. Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta yi hijira da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi ɗan Zubair a Ƙuba. Waɗannan gidaje ba su ajiye tarbiyya a gefe har sai an ci Makka ba.

Mu dawo gida. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, 'yarsa Nana Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba. Ta ga ƙaura daga zango zuwa zango, ta ga yunwa, ta ga shekarar Tsuntsuwa, inda tarihi ya nuna an rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 a kusa da Alƙalawa, a wannan ƙasa tamu. Duk da haka karatu bai tsaya a gidan Shehu ba. Yarinyar nan ta tashi tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke fita ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu, har ta rasu a 1864. Mahaifinta a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Akwai wani darasi a cikin wannan tarihi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, an sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, aka daɗe ana gaba tsakanin Gobirawa da jama'ar Shehu. Yau jikokin ɓangarorin biyu suna sahu ɗaya bayan liman ɗaya, suna auratayya, suna wasan barkwanci. Gabar da takobi ya kasa kashewa ta mutu a cikin gidaje, a hankali, lokacin da iyaye suka daina gadar wa 'ya'yansu ita.

Harshen gida

Abu na farko da ke hannun kowane uba da kowace uwa, ko da ba su da ƙwayar gero a rumbu, shi ne harshensu. Yaro ɗan shekara 4 da ke wasa a gindin turmi yana jin duk abin da ake faɗi. Idan aka dawo daga jana'iza aka zauna ana kwatanta yadda aka sami gawa, yana ji. Idan aka kunna muryar wani ɗan bindiga a waya ana saurare, yana ji. Idan aka nuna hoton waɗanda aka kashe, yana leƙowa ta bayan kafaɗa. Daga nan sai fitsarin kwance ya dawo, sai firgita cikin barci, sai yaro mai surutu ya koma shiru, mu kuma mu ce iska ce ta taɓa shi.

Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda wasu iyaye suka mai da tsoro bulala. Da can akan ce wa yaro dodo zai kama shi. Yanzu sai ka ji uwa ta ce, "Ka yi shiru ko in kira 'yan bindiga." Dodo ba ya zuwa, amma waɗannan suna zuwa, kuma yaron ya sani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a firgita Musulmi ko da da wasa ne. Idan haka ne ga babba, yaya ga ɗan ƙaramin da zuciyarsa ba ta yi ƙwari ba? A cikin littafin ne kuma aka kawo labarin matar da ta kira ɗanta da alƙawarin za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Yaron da uwarsa ba ta yi masa ƙarya yakan yarda da ita ranar da ta ce masa, "Kwantar da hankalinka, ina nan."

Maganin tsoro kuwa Annabi (SAW) ya koya mana shi lokacin da ya goya Ibnu Abbas a bayan abin hawansa yana yaro, ya koya masa ya kiyaye dokokin Allah, ya roƙi Allah shi kaɗai, ya kuma san cewa ba mai iya cutar da shi ko amfanar da shi sai da abin da Allah Ya rubuta. Tirmizi ya ruwaito wannan. Yaro aka faɗa wa, ba dattijo ba. Uwar da ke tara 'ya'yanta bayan Isha'i ta karanta musu Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a hannu ta shafe su, tana ba su abin riƙewa ranar da za a kwana a gona ko a cikin kwazazzabo.

Kada a gadar wa yaro gaba

Wannan ne wurin da ya fi nauyi a faɗa, amma dole a faɗe shi. A gidaje da yawa an daina cewa "ɓarayi", an koma kiran sunan ƙabila. A wasu rugage kuma an daina cewa "'yan sa-kai", an koma kiran sunan wata ƙabilar. Yaron da ya tashi yana jin haka ba zai iya rarrabe mai laifi da marar laifi ba. Zai girma yana ganin mai tallar nono abokiyar gaba ce, wancan kuma zai girma yana ganin duk manomi maƙiyinsa ne.

Na san zafin da ke bayan wannan magana. Wanda aka kashe wa ɗa, ko aka sace wa mata, ko aka sa ya biya haraji kafin ya girbe geronsa, ba a yi masa wa'azi da sanyin rai. Neman hakki halal ne, kare kai halal ne, kiran azzalumi da sunansa wajibi ne. Amma Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, ciki har da Suratul An'am aya ta 164, cewa ba ran da ke ɗaukar laifin wani. A Suratul Ma'ida aya ta 8 an hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci. A Suratul Hujurat aya ta 13 an bayyana cewa an yi mu ƙabilu daban-daban ne domin mu san juna. Hadisin Bukhari da Muslim ya nuna cewa kowane jariri ana haihuwarsa a kan tsarkakakkiyar ɗabi'a, iyayensa ne suke karkatar da shi. Wannan ya haɗa da jaririn ruga da jaririn gari.

Mu tambayi kanmu: samarin da ke riƙe da bindiga a daji yau, shekara 15 da suka wuce su wane ne? Yara ne masu bin shanu, waɗanda ba makarantar allo da ta kai gare su, ba ta boko, duk da cewa tun 1989 aka kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya ta ƙasa. Wannan ba uzuri ba ne ga ta'addancinsu. Gargaɗi ne a gare mu, domin yaran da aka bari yau ba karatu ba kulawa, a gari ko a daji, su ne za a ɗauka aiki gobe.

Jikin yaro amana ne

Tarbiyya ba ta tsaya ga ladabi da karatu ba. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shayarwa ta shekara 2 cikakku, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uba gwargwadon halinsa. Likitoci suna ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, kuma a wurin da ruwan sha ya gurɓace, kamar sansanonin gudun hijira, wannan ne katangar da ke tsakanin jariri da gudawa. Al'adar zubar da nonon farko mai kauri da sunan wai ba shi da kyau asara ce babba, domin shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri.

Bayan wata 6, kunun gero zalla ba ya gina jiki. A ƙara masa ƙullin gyaɗa ko garin wake, ganyen zogale, ɗan man ja idan ya samu. Waɗannan ba kayan birni ba ne. Kuma a daina al'adar da maigida zai cinye tsoka a bar wa yara romo. Tamowa idan ta haɗu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro takan buɗe ƙofa ga cutar noma, mai soma wa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan makonni, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Akwai asibiti na musamman domin ita a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan dasashin yaro ya kumbura yana jini, bakinsa yana wari, a garzaya asibiti tun kafin a soma zancen jifa ko sammu.

Haka nan allurar rigakafi da maganin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida da damina ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mun ga amfanin haƙuri da rigakafi lokacin da aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Neman magani ba ya rushe tawakkali. Wanda ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah shi ne ya bi koyarwa.

Tura yaro ba shi ne sauke nauyi ba

Rashin tsaro ya ƙara yawan yaran da ake ɗorawa a mota a kai su almajiranci Sakkwato ko Gusau ko Kano. Uba yakan ce, "Gara can, aƙalla ba a harbi." Ina ganin uzurinsa, kuma ba ni cikin masu zagin tsangaya, domin ta yaye malaman da muke taƙama da su. Amma akwai bambanci tsakanin saurayin da ya san tsarki da salla ya tafi neman ilimi da guzurinsa, da ɗan shekara 5 da bai iya wanke jikinsa ba aka miƙa wa malami mai almajirai fiye da ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya da muke kai, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, renon ɗa namiji hakkin uwa ne har ya balaga, ciyarwarsa kuma wajibi ce a kan uba. Babu inda wannan wajibi ya koma kan mutanen gari ta hanyar bara. Idan har ba makawa, to a kai shi wurin ɗan uwa da aka sani, a riƙa aika abinci, a riƙa ziyara. Amma ƙaramin yaro wurinsa kusa da uwarsa, da allonsa a zauren unguwa.

Uba kuma ya sani cewa kawo hatsi ba shi ne ƙarshen aikinsa ba. Al'adar kunyar ɗan fari da ɗaure fuska ta sa wasu suna ganin wasa da yaro zubar da girma ne. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro domin tausaya wa uwar. Ya tsaya yana tambayar ƙanen Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Shugaban da ke jagorantar yaƙi ya sami lokacin tsuntsun yaro, balle mu.

Idan aka ce yunwa ta hana

Wani zai ce, "Malam, kana magana kamar wanda ya ƙoshi. Matar da ke kwana a ajin makarantar firamare da 'ya'ya 6, mijinta ya rasu, ina ta ga lokacin tatsuniya da azkar?" Wannan magana tana da ƙarfi, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amsar ita ce nauyin ba nata ba ne ita kaɗai. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. A da maƙwabci yakan tsawata wa ɗan maƙwabci, goggo ta ɗauki yaye, kawu ya ɗauki maraya. Annabi (SAW) ya yi wa mai riƙon maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna, ya kwatanta da yatsunsa biyu. Yankin nan ya cika da marayu. Kowane masallacin Juma'a a Isa da Sabon Birni ya kamata ya san adadin marayun da ke kewaye da shi, ya kuma san wanda ke ciyar da kowannensu. 'Yan kasuwa da ma'aikata 'yan asalin Gobir da ke zaune a Sakkwato da Abuja da Legas su tuna cewa zakkarsu tana da masu hakki a gida.

Malamai mata na Islamiyyu su farfaɗo da aikin jajis. Mace ɗaya mai ilimi da za ta riƙa zama da matan sansani sau 2 a mako, ta koya musu karatu da tsarki da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, za ta taɓa rayuwar yara fiye da taron wa'azi na shekara. Limamai su sanya hakkin yara cikin huɗuba, da Hausar da kowa zai gane.

Gwamnati kuwa nata ya fi na kowa. Hadisin da ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, da shugaba ya fara kafin ya zo kan maigida da uwargida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, kuma a 2023 an kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Iyayen Gatawa da Tsamaye da Turba da Bafarawa suna da hakkin su ga waɗannan a ƙasa: malami a aji, magani a asibiti, hanyar da za a bi zuwa gona a dawo lafiya. Nasiha ga iyaye ba ta sauke wa masu mulki ko ƙwayar zarra daga nauyin tsare rayuka ba.

Ya ku iyaye, Suratut Tahrim aya ta 6 ta umarce mu da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma ba a keɓe umarnin ga lokacin yalwa ba. Yau da daddare, kafin a kashe fitila, a ajiye waya, a ajiye labarin hari, a jawo yaro a tambaye shi abin da ya karanta a allonsa. Idan an ga bindigar kara a hannunsa, a karɓa cikin lallashi, a zauna a yi masa motar kara ko saniyar laka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya shirya wanda zai shiryu, Ya isar mana ga wanda ya ƙi. Allah Ya raya mana 'ya'yanmu bisa imani, Ya dawo da aminci ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya. Amin.